Rasuwar Fanka Mai Surutu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da ya kasa zama wuri ɗaya, mai yankan katakon nan da aka fi sani da Aradu, shi da matarsa da 'yarsa, suna sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da duk wanda ya taɓa shiga ɗakinsu ya fita yana dafe da kunne, rasuwar fankarsu ta tsaye, mai ƙafa ɗaya da fiffike uku. Ta rasu ranar Laraba da hantsi a gaban maigidanta, bayan gajeriyar jinya wadda ba ita ta jawo wa kanta ba.

Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu ya gama. Aradu ya san fanka ƙarfe ce da roba. Bai ce a yi mata salla ba, bai ce a haƙa mata rami ba. Amma wanda ya yi maka aiki da gaskiya, ko da ba shi da rai, in ya tafi ana faɗi. Mutane nawa ne masu rai da ba su yi wa gidansa rabin abin da ta yi ba?

Marigayiya ba sabuwa ta shigo gidan ba. A wurin mai sayar da tsofaffin kaya aka samo ta, fiffikenta ɗaya a lanƙwashe, wuyanta a kwance, kejin da ke rufe fuskarta an ɗaure shi da waya. Mai sayarwa da kansa ya ba da haƙuri, ya ce iska dai tana da ita amma tana da baki. Aradu ya sa aka jona ta, ya tsaya a gabanta, ya ce shi bai ji komai ba. Gaskiyarsa ya faɗa. Shekarun da ya yi a gindin injin tsaga katako sun cinye masa kunne, sun bar masa murya. Shi a wurinsa magana yake yi kamar kowa. A wurin sauran duniya, in ya ce a miƙo masa ruwa, kajin gida na uku sai sun watse. Raɗa kuwa bai iya ta ba, ya gwada, matarsa ta ce raɗarsa ta fi maganarsa tafiya nesa domin tana da kaifi. Daga nan sunan Aradu ya samo asali, kuma bai taɓa jin haushinsa ba.

Muryar marigayiya hawa uku ce. A lamba ɗaya tana cewa ƙaf, ƙaf, ƙaf, a natse, kamar mai sassaƙa da ba ya sauri. A lamba biyu sai ta ƙara da garrr a ƙarƙashi. A lamba uku kuwa, garararau-ƙaf, garararau-ƙaf, kuma duk lokacin da kanta ya kai ƙarshen juyi ta hagu sai ta ce ƙiiit, ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ta dawo. Baƙo in ya zo sai ya yi ta kallonta yana jiran ta tarwatse. Ba ta taɓa tarwatsewa ba.

Dole a faɗi irin ɗakin da ta yi aiki a ciki, in ba haka ba ba za a gane girmanta ba. Mai gidan haya ya ɗauki falo ɗaya ya raba shi biyu, ya sa haya biyu. Abin da ya raba da shi filawud ne, siririn allon katako, kuma Aradu, da katako ne sana'arsa, ya ƙwanƙwasa shi ranar farko ya san ko bayan kabad ba a yi da irinsa. In aka ajiye cokali a wancan ɓangaren, ana ji a wannan. In aka buɗe ledar burodi, ana sanin an buɗe. A bayan wannan filawud akwai mai gyaran wuta da matarsa da ƙaramar 'yarsu. Matar ita ce shugabar zauren iyayen yara na wayar salula, na makarantar renon da ke bakin titi, shi ya sa kowa Shugaba yake ce mata. Ba muguwa ba ce. Amma babban yatsanta ya fi tunaninta sauri. Abin da ta ji da safe, kafin azahar ta naɗe shi da muryarta ta tura, kuma tana farawa ne da cewa ita ba ta son gulma.

A wannan makarantar renon 'yar Aradu take aiki. Yara Anti suke ce mata, har gida ma sunan ya bi ta. Ita ke share musu hanci, ita ke koya musu waƙa, ita ke riƙe wanda ya ƙi rabuwa da uwarsa har ya yi shiru. Kuma tana da farfaɗiya. An rubuta sunan ciwon a nan ne domin mai shi ta ce a rubuta. Da can ko a cikin ɗaki "abin nan" ake cewa. Tana shan maganinta safe da yamma, an daɗe rabon da ta faɗi, likita ya ce babu aikin da ya fi ƙarfinta. Amma likita ba shi ke biyan kuɗin makaranta ba, iyaye ke biya, kuma a cikinsu akwai masu rantsuwa cewa ana ɗaukar ciwon a miyau ko a inuwa.

Gidan Aradu sun san abin da baki ke yi, domin sun taɓa gani. A unguwar da suka baro, Anti tana aiki a wani shagon sayar da tufafi. Ta kwanta asibiti, gwaggonta ta je dubiya, ta ɗauke ta hoto tana barci a kan gado, ta sa a waya ta rubuta sunan ciwon ɓaro-ɓaro, ta ce a taimaka da addu'a. An yi addu'ar, Allah ya saka. Kafin yarinya ta warware hoton ya je hannun mai shago, ya je hannun masu sayayya. Mai shago ya ce kasuwa ce ta yi sanyi. Gwaggo har yau ba ta ga laifinta ba, ta ce ai alheri ta nema. Aradu ya kwashe iyalinsa ya sake unguwa, ya kafa doka cewa babu mai ɗaukar hoto a ɗakinsa, ko na bango ne. Sai ga shi ya faɗo ɗakin da bangonsa ma ba bango ba ne.

Matarsa ce ta gano amfanin marigayiya. Ita ta jawo ta ta jingina da filawud ɗin, ta kafa tsari. Zancen cefane, lamba ɗaya. Zancen dangi, lamba biyu. Zancen magani da asibiti da ranar ganin likita, lamba uku, kuma sai kan fanka ya fara juyawa kafin Aradu ya buɗe baki. In aka ɗauke wuta, babu zance. Sai su zauna suna cewa yau akwai zafi, jiya ma an yi zafi, har wuta ta dawo. Ko lokacin sanyi marigayiya ba ta huta ba. An sha ganin Aradu cikin bargo, hula har kunne, fanka tana kaɗa shi a lamba uku, yana tambayar 'yarsa ko ta sha na safe. Maƙwabta sun ɗauka taurin kai ne. Ya bar su a haka, domin taurin kai ba abin kunya ba ne a wurinsa.

Kyawawan halayenta ba za su lissafu ba, amma akwai waɗanda za a ambata domin na baya su sani.

Wata rana wani mai laushin murya ya kira Aradu a waya, ya ce daga banki yake, za a rufe masa asusu in bai karanto lambobin katinsa da lambar sirri ba. Aradu mutum ne da ba ya son a rufe masa komai. Ya ɗauko kati, ya tsaya a gaban marigayiya domin yana jin gumi, ya karanto duka da iyakar ƙarfinsa. Mai laushin murya ya ce bai ji ba. Ya sake. Ya ce a matsa daga wurin injin. Aradu ya ce babu inji a nan, gidansa yake, kuma ba zai bar gaban fankarsa saboda wani ba. Aka yi ta ja har laushin muryar ya ƙare, mutumin ya zagi uwar injin ya kashe waya. Da Anti ta dawo ta ji labari, sai da ta zauna a ƙasa. Ta ce banki ba ya tambayar wannan, ɓarawo ne. Aradu ya ce ai shi ma ya so ya gane. Bai gane ba, marigayiya ce ta gane.

Wata rana kuma wayar matarsa na hannunsa, yatsansa mai kaurin kan guduma ya danne wurin naɗar murya bai sani ba. A daidai lokacin yana faɗa a kan an bar maganin Anti ya kusa ƙarewa ba a gaya masa ba. Ya ambaci maganin, ya ambaci ciwon, ya ambaci asibitin. Da ya ɗaga yatsa saƙon ya tafi zauren 'yan haya, inda Shugaba take a sahun gaba. Matarsa ta fizge wayar, kafin ta gano yadda ake gogewa kowa ya riga ya buɗe. Suka kunna su ji abin da duniya ta ji. Garararau-ƙaf, garararau-ƙaf, ƙiiit, daga farko har ƙarshe, domin wayar tana dab da fuskar marigayiya. Wani ya amsa da cewa a kai janareton nan gyara. Ranar matar Aradu ta goge wa fankar ƙura da gefen zanenta mai kyau.

Ba ta taɓa neman lada ba. Ba ta da ido, ba ta riƙe abin da ta ji, ba ta turawa gaba. Duk abin da aka faɗa a gabanta ta niƙe shi ta hura shi iska. Aradu ya ce a zamanin nan da kowane aljihu yake da kunne, a nuna masa wani abu mai jona wuta da za a yi wa wannan shaidar.

Ciwon ajalinta daga alheri ya fara, irin alherin gwaggo. Mai gyaran wuta ya daɗe yana cewa ƙarar fankar nan tana ci masa rai, ba don barci ba, don sana'a. Ya ce mutum kamarsa yana kwana kusa da fanka mai kuka bai gyara ta ba, abin kunya ne a gare shi. Aradu ya ce a bar ta. Ya sake zuwa, ya ce kyauta zai yi. Aradu ya ce ko da kuɗi za a ba shi, a bar ta. Sai ranar da Aradu yake wurin aiki, Anti tana makaranta, matarsa ta fito da marigayiya tsakar gida za ta wanke ɗaki, ta leƙa shago sayen sabulu, layi ya riƙe ta. Kafin ta dawo mai gyaran wuta ya kwance keji, ya miƙar da fiffike, ya ɗaure wuya, ya zuba mai. Ta tarar da shi yana goge hannu yana murmushi kamar wanda ya karɓi haihuwa. Ta yi masa godiya, domin me za ta ce?

Da Aradu ya dawo aka kunna masa ita. Fiffike na juyawa, labule na tashi, iska ta fi ta da. Ya kalli matarsa, domin shi kunnensa ba shaida ba ne. Ta girgiza kai. Lamba uku, shiru. Ya sa tafin hannu a jikin ƙarfen, inda kullum yake jin tana kakkarwa kamar mai rai. Babu komai. An mayar da ita bebiya.

Ya kwana biyu yana zagaye ta. Ya sa mata kwali a keji, ta yi fir-fir kamar tsuntsu, matarsa ta ce wannan ko tari ba zai rufe ba. Ya ɗaura mata cokali, ta wurgar da shi. Ya sassauta ƙusoshin gindinta, ta tsaya tsaf kamar ba a yi ba, domin mai gyaran wuta, a faɗi gaskiya, ya iya aikinsa. Ranar Laraba Aradu bai je aiki ba. Ya ɗauko filaya, ya ce abin da mutum ya miƙar mutum zai lanƙwasa. Matarsa ta ce ya bari a nemo wata tsohuwa a kasuwa. Ya ce shi da yake saita haƙorin zarto da ido ba fiffiken roba ne zai gagare shi ba. Ya kama, ya murɗa, ya ƙara kaɗan domin ya tabbata. Ya jona, ya danna lamba uku kai tsaye.

Ta yi magana. A shaida mata wannan, ta yi ƙoƙari ta dawo. Ta ce garau, ta ce ƙaf, ta ce ƙaf da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, har Aradu da kansa ya ji. Sannan fiffiken ya tsage ya daki keji, kanta ya sunkuya, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan wuyanta. Ta ce ƙiiit, ba ta dawo daga juyin ba. Masu cewa filaya ce ta kashe ta su ci gaba da faɗa. Aradu ya ce wanda ya fara taɓa mai lafiya shi ya kashe.

Tun daga lokacin gidan bai zauna ba. Aradu ya shiga ya fita, ya fita ya shiga. Ya zauna a kan kujera ya tashi, ya je bakin ƙofa ya dawo. Magana ta taru masa a maƙogwaro babu wurin ajiyewa. Aka koma nuni da hannu kamar gidan kurame. Rediyon gidan ta daɗe da mutuwa, aka gwada kunna waƙa a waya, muryarsa ta haye ta kamar babbar mota ta haye leda. Washegari Anti ta je ganin likita. Ta dawo da yamma da sabuwar leda a hannu, fuskarta ba yadda ta fita ba. Uba ne. Ya ga fuskar 'yarsa, ya manta da filawud, ya manta da gawar da ke jingine a kusurwa. Ya tambaye ta ko farfaɗiyar ce likita ya ce za ta dawo, da har aka sake mata magani.

A wancan ɓangaren ana daka wani abu a ƙaramin turmi. Dakan ya tsaya. Aradu bai ji tsayawarsa ba, a fuskar matarsa ya gani. Ashe ma ba komai ba ne, kamfanin maganin kawai aka sauya, gajiyar layi ce a fuskar yarinya. Amma kalma ta riga ta ratsa katako.

Anti tana cikin zauren iyaye, kamar sauran malamai. Ta ajiye wayarta a tsakiyar tabarma, su uku suka kewaye ta. Can sai alama ta fito a sama cewa Shugaba tana naɗar murya. Alamar ta tsaya, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Babu saƙon da ya shigo. Aradu ya ce gara a sare shi da zarto sau ɗaya da wannan yankan kaɗan-kaɗan. Bai ci abinci ba. A wurin aiki ya tsaga katakon mutane ba a kan layi ba, abin da bai yi ba tun yana koyo. Yana yi yana laluba aljihu ko matarsa ta kira.

A cikin wannan shirun ne wani abu ya bayyana wanda ba wanda ya taɓa tunaninsa. Ranar Juma'a da yamma matarsa da Anti suna tsintar shinkafa, sai Aradu ya ga hannayensu sun tsaya, sun sunkuyar da kai. Magana ce take ratsowa daga wancan ɓangaren, ta miji da mata, kuma daga yadda matarsa ta runtse ido ya san ba zancen cefane ba ne. An daɗe ana yi. Da aka gama ya ja ta waje har bakin titi ya tambaye ta me suka ji. Ta ce ba za ta gaya masa ba, bakinsa ba shi da murfi. Ya ce shi ne maigida. Ta ce shi ya sa. Abin da kawai ta yarda ta faɗa shi ne, matar nan tana ɗauke da abin da ya fi nasu nauyi, kuma shekarun nan duka ba su taɓa ji ba saboda fanka. Ashe marigayiya gida biyu take yi wa aiki, ɗaya ne kawai yake goge mata ƙura.

Aradu mutum ne mai lissafin kai tsaye. Ya ce to shi ke nan, an samu. A je a gaya wa Shugaba, in ta danna nata su ma za su danna nasu. Anti ta ce a'a. Ya ce ita yarinya ce ba ta san duniya ba. Ta ce ta san ta tun ranar da ta farka a asibiti ta tarar da fuskarta a wayar mutanen da ba ta sani ba, kuma ba za ta yi wa wata abin da aka yi mata ba, ko da aikin zai tafi. Ta ce abin da ya fi ci mata rai ba ciwon ba ne, kullum wani ne yake faɗin labarinta, ita ba a taɓa bari ta faɗa ba. Aradu ya buɗe baki, matarsa ta nuna masa filawud, ya rufe.

Washegari da safe Anti ta je ta sami mai makaranta har gida ta gaya mata komai da bakinta, ta nuna mata takardar likita. Mai makaranta ta ce ita ba ta da matsala, amma makarantar iyaye ke riƙe da ita, in suka ce a'a ba ta da yadda za ta yi. Wato dai magana ta dawo kan babban yatsan Shugaba. Da Anti ta dawo gida ba ta ko ajiye jaka ba. Ta tsaya a gaban filawud ɗin ta ƙwanƙwasa shi kamar ƙofa.

"Maman yarinya, na san kin ji. Gaskiya ne, ina da ita, ina shan magani. Abin da kike son sani ki tambaye ni, kada ki tambayi waya."

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Aradu ya ƙare takalminsa tsakanin ɗaki da ƙofar gida. In ya haɗu da mai gyaran wuta sai kowa ya kalli ƙasa.

Litinin da safe Anti ta shirya, tana ɗaura ɗankwali, aka yi sallama. Shugaba ce a bakin ƙofa, idonta a kumbure, tana riƙe da hannun 'yarta, da jakar makaranta da gorar ruwa. Ba ta shigo ba. Ba ta kalli Aradu ba.

"In ta zo miki a aji, me ake yi?"

Anti ta gaya mata. A janye abin da zai ji mata ciwo, a kwantar da ita a gefe, kada a danne ta, kada a sa mata komai a baki, a jira, tana wucewa. In ta daɗe ba ta wuce ba, a kai ta asibiti. Kuma ba a ɗauka, ko a kofi ɗaya aka sha ruwa. Shugaba ta saurara har ƙarshe, abin da aka ce ba ta saba yi ba. Sannan ta ce yau tana da wurin zuwa, ko Anti za ta tafi mata da yarinyar. Ta ɗauki ƙaramin hannun ta sa a cikin na Anti. Har ta juya ta tsaya, ta ce da matar Aradu, ba tare da ta ɗago ba, ita ma ta san katakon nan ba gefe ɗaya yake ji ba. Matar Aradu ta ce su ba su ji komai ba, tsintar shinkafa suke yi.

Aradu bai ce magana ta ƙare ba. Harshe harshe ne, yatsa yatsa ne, kuma iyaye suna da yawa. Mai makaranta ta ce za ta tara su a yi bayani, Anti ce za ta tsaya ta yi da kanta, Shugaba ta ce za ta zauna a gaba. Abin da zai fito daga nan Allah ne ya sani. Da can asirin gidansa yana hannun ƙarfe, yana barci. Yanzu yana hannun mutane, shi ya sa yake kai da kawo.

Marigayiya ta bar maigidanta, wanda har yanzu bai koyi raɗa ba. Ta bar uwargida, wadda yanzu ita ke aikin lamba uku da ido da gira. Ta bar Anti. Ta bar maƙwabta uku a bayan katako waɗanda ba su san suna cikin magadanta ba sai da ta tafi. Ta bar soket ɗaya mai baƙin baki, da dutsen guga, da wayoyin salula uku waɗanda babu wadda ta gaji halinta ko kaɗan.

Ga yadda za a yi jana'iza. Mai gyaran wuta ne zai ɗauki gawa a kafaɗarsa zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe, shi ya roƙa, kuma an ga ya dace. Aradu zai bi shi a baya da fiffiken da ya tsage. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ba a cikin ɗaki ba. Ba a yarda a ɗauki hoto ba, na gawa ko na masu makoki. Wanda ya ga dama ya yi addu'a ya yi ta tsakaninsa da Ubangijinsa, ba sai ya tura wa kowa ba, kuma wannan ya haɗa da gwaggo. Wanda yake da tsohuwar fanka mai ƙara da ya rasa yadda zai yi da ita, gida biyu sun shirya haɗa hannu su saya, da sharaɗin ba za a gyara ta ba.

Ba za a ɗaga gawa da safe ba, ko da rana ta yi zafi. Sai an tashi daga makaranta. Anti tana wurin aiki, kuma ta ce ba za ta nemi hutu saboda fanka ba. Wanda ya riga zuwa zai tarar da Aradu a bakin titi yana duban hanya. Ya tsaya tare da shi, har Anti ta ɓullo riƙe da hannun 'yar Shugaba.